Yadda Na Kai Waifai Sashen Hajiya da Tsohuwar Rauta

Gidanmu da ke cikin birnin Kano gidan gado ne wanda aka yi ta ƙara wa gini a hankali, har ya zama sashe biyu da doguwar tsakar gida a tsakaninsu. Ni da iyalina muna sashen gaba, Hajiya mahaifiyarmu kuma tana sashen baya tare da ƙanwata da jikoki biyu da take riƙo. Rautar da muke samun intanet da ita irin wadda ake sa wa layin waya ce, kuma mazauninta shi ne tagar falon gaba, domin a nan kaɗai sabis yake cika mata. Daga wannan taga zuwa ɗakin Hajiya akwai bango huɗu na bulo mai inci tara, da rufin kankare mai rodi, da tankin ruwa na ƙarfe, saboda haka kafin waifai ya isa can ya riga ya galabaita. Duk ranar Juma'a idan yayata da ke aure a Jidda za ta yi kiran bidiyo, sai Hajiya ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofar kicin ɗinmu cikin zafin bazara, tana ɗaga waya sama tana neman inda hoto zai daina tsayawa. Wannan zaman nata ne ya dame ni har na ƙudura sai na kai mata waifai cikin ɗaki.

Ina da wata tsohuwar rauta mai eriya biyu a cikin durowa, wadda ba a sa mata layi, sai dai a ba ta intanet ta kebul ita kuma ta raba. Na san akwai ƙananan na'urorin da ake sokawa a soket su kamo waifai su sake watsa shi, amma ban so su ba, saboda abin da suka kamo shi suke maimaitawa, kuma mai rediyo ɗaya a cikinsu yakan rage saurin da kusan rabi tunda da baki ɗaya yake karɓa yake kuma bayarwa. Na zaɓi in ja kebul daga gaba zuwa baya. Na auna hanyar da zai bi ta ƙarƙashin indararo na samu mita 35, wanda bai kai ko rabin mita 100 da ƙa'idar irin wannan kebul ta yarda da shi ba. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo mita 40 na kebul nau'in Cat5e, da kawunan roba guda goma, na kuma aro filayar matse kai a wurin wani maƙwabci. Ni da ɗan yayana muka ja kebul ɗin ranar Asabar, muka kafe shi da ƙusoshi. Da muka fere bakinsa muka ga sili takwas an murɗe su biyu-biyu, sai na jera su yadda ido ya ba ni, kowane launi kusa da ɗan uwansa: masu ruwan lemo, sannan koraye, sannan shuɗɗa, sannan masu ruwan ƙasa. Na yi wa ɗaya bakin irin wannan jeri sak, na matse, na ce an gama da kebul.

A bayan tsohuwar rautar akwai kafofi biyar. Huɗu ruwan ɗorawa ne an rubuta LAN a ƙarƙashinsu, ɗaya kuma shuɗiya ce an ware ta gefe da rubutun WAN. Hankali ya ba ni cewa tunda daga waje intanet zai shigo mata, ta shuɗiyar nan zai bi, don haka nan na soka. Fitilu suka kama, sunan waifai ya fito a wayata da sanduna cike, na haɗa, sai wayar ta ce an haɗu amma babu intanet. Na ɗauko kwamfuta na rubuta 192.168.0.1 a burauza domin in duba rautar gaba, sai shafin tsohuwar ne ya buɗe. Na juya kowace na karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ashe duk biyun da adireshi ɗaya suka fito daga kamfani. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun 1994 aka keɓe wasu rukunan adireshi don amfanin cikin gida, kuma masu ƙera rauta sun fi yawan ɗaukar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu masu layin waya kuma 192.168.8.1. Abin da ya faru shi ne tsohuwar ta ga lambobin da ke wajenta da na cikinta duk 'yan gida ɗaya ne, sai ta rasa inda za ta tura saƙo.

Gyaran da ya fara zo mini shi ne in canza mata rukuni gaba ɗaya. Na mayar da ita 192.168.1.1, ta sake tashi, intanet ya zo. Na yi murna ta kusan awa ɗaya, har sai da ƙanwata ta zo za ta buga takardar makaranta daga wayarta, wayar ta yi ta neman firintar da ke falon gaba ba ta gan ta ba. Dalili kuwa shi ne na mayar da gidan gida biyu: duk wanda ke bayan tsohuwar rautar yana cikin wata katanga ta daban, kuma kiran da waya take yi na neman firinta ba ya tsallake wannan katanga. Ga shi kuma ina so mutum ya tashi daga gaba zuwa baya wayarsa ta bi shi ba tare da ya taɓa komai ba. Abin da nake buƙata shi ne tsohuwar ta ajiye sarauta, ta zama hanya kawai wadda ke karɓar saƙo ta iska ta miƙa shi ta kebul. Sababbin rautoci da yawa suna da zaɓi guda a cikin saitinsu wanda ke yin wannan da dannawa ɗaya. Tawa ta girmi wannan zamani, saboda haka da hannu zan yi.

Na cire kebul daga shuɗiyar kafa na mayar da shi ɗaya daga cikin masu ruwan ɗorawa. Na shiga rautar gaba na duba iyakar lambobin da take rabawa, na ga daga 100 ne zuwa 200, don haka na ba tsohuwar 192.168.0.2, lambar da ke cikin rukuni ɗaya da ta gaba amma ba za a taɓa miƙa wa wata waya ita ba. Na sa mata sunan waifai da kalmar sirri iri ɗaya da na gaba, harafi da harafi. Wayar Hajiya, wadda na riga na haɗa tun tuni a falona, ta kama da kanta muna shiga ɗakin. Firinta ta fito. Na buɗe bidiyo ya yi ta tafiya, ko da yake yakan ɗan tsaya jefi-jefi, abin da na ɗora wa sabis. Hajiya ta sa mini albarka, ni kuma na kwashe kayan aikina ina ganin an wuce wurin.

Bayan kwana uku jikanta ya leƙo da safe ya ce, "Baffa, Hajiya ta ce abin ya tsaya." Na je na tarar da sanduna cike, intanet babu. Wayata da na shigo da ita daga gaba kuwa tana aiki lafiya a wuri ɗaya, a kan waifai ɗaya. Na kashe waifan wayarta na kunna, bai yi ba. Na tafi da ita falona na sake yin haka, ta kama, na dawo da ita baya ta ci gaba da aiki. Washegari da yamma aka sake aiko yaron.

Mako biyu muka yi a haka, kuma kowa a gidan ya fito da nasa bayanin. Ƙanwata ta ce data ce take ƙarewa, alhali na duba akwai saura mai yawa. Ɗan yayana ya rantse cewa samarin da ke zama a dakalin bayan gida ne suka samu kalmar sirri suke janye mana ƙarfi. Ni kaina na zargi zafi, domin a kan firiji na ɗora rautar, kuma watan Afrilu ne, idan ka taɓa ta sai ka ji kamar an sauke ta daga murhu. Na mayar da ita kan kantar da ke kusa da taga, wanda ya dace a yi ko ba don wannan matsala ba, amma bai canza komai ba. Na zargi adaftar wutarta, na karanta abin da aka rubuta a jikinta na gwada da na ƙasan rautar, duk biyun bolt 9 ne, kuma ban taɓa ganin fitilunta sun mutu sun dawo da kansu ba. Daga ƙarshe na bi shawarar yaron na canza kalmar sirri, wanda ya sa na zauna a falo aka yi ta kawo mini wayoyi da kwamfutoci goma sha ɗaya ina shigar musu da sabuwa. Abin haushi, sai komai ya daidaita har kwana biyu, yaron ya riƙa yawo yana cewa ai ya faɗa. Sai daga baya na gane cewa zaman da na yi a falon gaba ne ya yi maganin, kalmar sirrin ba ta da hannu a ciki.

Hajiya ce ta ba ni bakin zaren ba tare da ta sani ba. Wata rana na shiga gaishe ta, na tambaye ta ko akwai lokacin da abin ya fi tsayawa, sai ta ce, "Ni dai na lura duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko kuka tayar da inji, to shi ke nan sai na aika maka." Mu masu ganin mun san na'ura mun yi ta kallon fitilu da sanduna, ita kuwa da take zaune wuri ɗaya yini guda ta ga abin da yake tafiya tare da me. Ruwa ba ya tsami banza. A ranar na ɗauko kwamfuta na zauna a tabarmar ɗakinta, na sa yaron ya je ya kashe babban makunnin gidan ya ƙirga goma ya mayar.

Na riƙe agogon waya ina kallo. Sunan waifai ya bayyana daga tsohuwar rautar cikin kusan sakan 25. Ta gaba, wadda sai ta tashi ta karanta layi ta nemi sabis, ta haura minti ɗaya da rabi kafin ta kintsa. A cikin wannan tazara kwamfutata ta riga ta haɗu. Na buɗe baƙin allon umarni na Windows na rubuta ipconfig, sai ga abin da na kwana goma sha huɗu ina nema a layi uku. Adireshin kwamfutar 192.168.0.100 ne, wanda ba shi da laifi a ido. Amma a layin ƙofar fita, inda ya kamata in ga 192.168.0.1, abin da ke rubuce shi ne 192.168.0.2.

Duk na'urar da ta shiga waifai, abu na farko da take yi shi ne ta yi shela tana neman mai ba ta lamba. Wannan aikin rabon lamba shi ake kira DHCP, kuma mai rabon ba lamba kaɗai yake bayarwa ba, har da nuna wa baƙo zauren da zai bi idan zai fita waje, da wanda zai tambaya idan yana neman adireshin wani shafi. Na sauya wa tsohuwar rautar adireshi, na sauya mata kafa, amma na bar ta da wannan aiki a kunne. Ita kuwa duk wanda ya tambaye ta sai ta nuna masa nata zauren, wato shuɗiyar kafar nan da babu komai a cikinta, zauren da aka toshe da bulo. Wayar da ta karɓi lamba a gaba takan riƙe ta idan ta zo baya, ta nemi a sabunta mata ita, rautar gaba ta amsa ta kebul, shi ya sa tawa ba ta taɓa tsayawa ba. Amma idan wuta ta dawo, ta gaba tana barci tukuna, wayar Hajiya ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta karɓi lambar duk wanda ya fara magana. Tunda wayarta ba ta barin ɗakin, ita ce kullum a hannu. Na kuma ga cewa tsohuwar ma daga 100 take fara rabo, ke nan akwai ranakun da na'urori biyu suka riƙe lamba ɗaya a gidan, wanda ya bayyana mini wani gargaɗi da kwamfutar matata ta taɓa nunawa na share ban karanta ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, ni kuma da hannuna na naɗa na biyun.

Na shiga 192.168.0.2, na nemo shafin DHCP, na kashe, na adana, na sake tayar da ita. A nan akwai tarkon da ya kamata mai yin wannan aiki ya sani, kuma Allah ya taimake ni na riga na tsallake shi bisa kuskure. Idan mutum ya kashe rabon lamba kafin ya sauya adireshin rautar, sannan ya haɗa ta da ta gaba, to zai wayi gari da na'urori biyu masu adireshi ɗaya, ya rasa hanyar shiga shafin tsohuwar. Idan kuma ita kaɗai ce a jone da kwamfuta, babu mai ba kwamfutar lamba, sai ya rubuta mata da hannu, misali 192.168.0.50, kafin shafin ya buɗe. Wanda bai san wannan ba yakan ɗauki tsinke ya danna ɗan ramin nan na baya har sakan goma, rautar ta koma yadda ta fito daga kamfani, rabon lamba ya dawo a kunne, a koma gidan jiya. Adireshi ake fara sauyawa, sannan a kashe rabo.

Na ɗauka na gama, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Da na sa aka sake kashe wuta aka kunna, wayar Hajiya ta tsaya tana cewa tana neman adireshi, ta yi ta juyawa, ta saki, ta sake kamawa. Kwamfutata ta ɗauki lokaci, da na duba sai na ga lambar da ta fara da 169.254. Wannan lamba ba wanda ya ba ta, kwamfuta ce take laƙaba wa kanta idan ta yi shela ba a amsa ba. Na jira minti uku domin in tabbatar ta gaba ta gama tashi, na rubuta ipconfig /renew, umarnin da ke sa kwamfuta ta sake neman lamba, aka ɗan jima sannan lambar kirki ta zo da ƙofar fita daidai. Na sake gwadawa ya ƙi, na uku ya yi. Wato yanzu mai rabo ɗaya ne, amma muryarsa ba kullum take isowa baya ba. Tsohon kuskuren ya kasance yana rufe wani a ƙarƙashinsa, domin a da duk sa'ad da amsar gaba ta ɓace a hanya, tsohuwar takan yi caraf ta ba da tata.

A wannan karon na hana kaina taɓa abu biyu lokaci ɗaya. Akwai umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ga wata na'ura ya jira ta amsa, ya faɗi tsawon lokacin da aka ɗauka. Na aika ɗari zuwa 192.168.0.2, duk suka dawo, ke nan tsakanina da tsohuwar rautar ta iska babu matsala. Na aika ɗari zuwa 192.168.0.1, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ɓace. Abin da ke tsakanin biyun kuwa kebul ne kawai da kafofin da aka soka shi. Na sauya kafa a kowane ɓangare, bai sauya ba. Sai na cire tsohuwar rautar ɗungurungum na kai ta falon gaba, na haɗa su da guntun kebul na mita ɗaya wanda ya zo a cikin kwali, na sake aika ɗari. Ko ɗaya bai ɓace ba.

Na bi kebul ɗin da tsani tun daga taga har ɗakin Hajiya ina shafawa, ina neman inda ƙusa ta huda shi ko ɓera ya ci, ban samu ba. Na koma wurin maƙwabcin nan na aro 'yar na'urar gwaji mai fitilu takwas, wadda ake soka baki ɗaya a jikinta, ɗaya bakin a ƙaramar 'yar uwarta. Fitilu suka bi layi daga 1 zuwa 8 a ɓangarorin biyu, babu wadda ta yi tsallake. A nan kaina ya ɗaure sosai, domin gwaji ɗaya ya ce kebul ne, ɗaya kuma ya ce kebul lafiyarsa ƙalau. Na kira wani abokina da ke kula da kwamfutocin wata makaranta na zayyana masa komai. Bai tambaye ni komai game da saiti ba, sai ya ce, "Malam, ɗauki kan da ka matse ka riƙe shi kusa da na kamfani, ka karanto mini launukan daga hagu." Ina cikin karantowa, da na kai na huɗu na ce kore, sai ya yi dariya ya ce in tsaya haka.

Murɗin da aka yi wa silin nan biyu-biyu ba ado ba ne. Kowane saƙo yana tafiya ne a kan sili biyu da ke nannaɗe da juna, ɗaya yana ɗauke da kishiyar abin da ɗayan ya ɗauka, ta yadda duk hayaniyar lantarki da ta shige su za ta shige su daidai wa daida, mai karɓa ya soke ta. Kafofin tsohuwar rautata masu gudun megabit 100 ne, kuma irinsu da fil huɗu kawai suke aiki: na 1 da na 2 tagwaye ne, na 3 da na 6 su ma tagwaye ne. Nan ne gizo yake saƙa, domin abokin na 3 ba na 4 ba ne kamar yadda ido zai ɗauka. A jerin da na yi, fil na 3 ya samu fari mai ratsin kore, na 6 kuma ya samu shuɗi, wato na aurar da sili biyu da ba a murɗe su tare ba. Wuta tana bi ta kowanne daga wannan baki zuwa wancan, shi ya sa na'urar gwaji mai arha ta ce lafiya, tunda ita abin da ta sani kawai shi ne ko sili ya tsinke ko an sauya masa gurbi. A kebul na mita ɗaya ko biyu mai yiwuwa ba za a ma lura ba. A mita 35, kusa da wayar wutar da ke zuwa famfon tanki, saƙo yakan isa a dagule a yar da shi. Wannan ne tsayawar bidiyon da na ɗora wa sabis tun ranar farko.

Jerin da aka fi amfani da shi sunansa T568B, kuma na rubuta shi a bayan kwalin ashana kafin in hau tsani. Idan ka riƙe kan kebul fil suna kallonka, maƙallin yana ƙasa, daga hagu za ka fara da fari mai ratsin ruwan lemo, sai ruwan lemo, sai fari mai ratsin kore, sai shuɗi, sai fari mai ratsin shuɗi, sai kore, sai fari mai ratsin ruwan ƙasa, sannan ruwan ƙasa. Koren yana tsallake shuɗɗan biyu ya sauka a gurbi na 6, ya tarar da ɗan uwansa na gurbi na 3 a aiki ɗaya. Na yanke tsofaffin kawunan, na fere kaɗan, na kula kada in warware murɗin fiye da abin da zai shiga cikin robar, kamar rabin inci, na kuma tabbatar rigar kebul ɗin ta shiga ƙarƙashin maƙoshin kan domin ita za ta ɗauki ja. Sai da na lalata kai uku kafin na samu biyu masu kyau, domin silin sukan sauya wuri a daidai lokacin da kake tura su, kuma ba ka gani sai ka ɗaga kan a haske. Da na mayar da komai na aika ping ɗari biyar, duk suka dawo.

Sauran gyare-gyaren ba su ɗauki rabin awa ba. Rautocin biyu a zangon waifai na 2.4 GHz suke watsawa, kuma na tarar duk sun zauna a tasha ɗaya suna yi wa juna ihu a tsakar gida. A wannan zango tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, sai na duba da wata manhaja a waya na ga maƙwabta sun yi cincirindo a 6, na ba ta gaba 1, ta baya 11, na taƙaita faɗin tashar kowace zuwa 20 MHz. Na tabbatar duk biyun suna kan tsaron WPA2 da AES, domin idan sunan ya zo ɗaya amma nau'in tsaron ya bambanta, wasu wayoyi sukan ɗauke su a matsayin waifai biyu. Na kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da 'yar lamba ko danna maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, wanda tun 2011 aka bayyana cewa ana iya fasa lambarsa ta hanyar gwaji. Na kuma sauya kalmar shiga shafin tsohuwar, wadda har ranar take kan abin da aka buga a ƙasanta, inda kowane yaro mai son sani zai iya juyawa ya karanta.

Akwai abu ɗaya da ban iya gyarawa ba, na kuma haƙura da shi. Waya ce take yanke shawarar lokacin da za ta saki rauta ta kama wata, kuma wasu wayoyin suna da naci. Ta matata takan riƙe rautar gaba da sanda ɗaya har cikin ɗakin Hajiya, alhali ga wata a kan kantar ɗakin tana kallonta. Na rage ƙarfin watsawar ta gaba zuwa matsakaici, abin ya ragu, amma wani lokaci sai ta kashe waifai ta kunna. Da rautoci masu tsada da aka ƙera su yi aiki tare, da sun riƙa miƙa wa juna waya cikin ladabi. Waɗannan biyun ba su san juna ba, kebul ne kawai ya haɗa su.

Kafin in ce wa kowa an gama, na sa yaron ya kashe babban makunni sau uku a jere, sau ɗaya kuma muka tayar da inji muka juya layi. Kowane karo wayar Hajiya takan kama waifai da wuri, ta yi kamar minti ɗaya da rabi tana jiran lamba, sannan ta samu daga inda ya dace. Na yi mata bayani cewa idan wuta ta dawo ta ba shi minti biyu kafin ta aiko. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta amsa kiran Jidda tana kishingiɗe a kan gadonta, har ta juya wayar tana nuna wa yayata sabon labulen da aka sa mata.

Bayan kamar wata ɗaya aka sake aiko yaron. Na tafi da kwamfuta a hammata ina lissafin abin da kuma ya rage ban gano ba. Ina shiga na ga an goge kantar tas an sake jera kwanukan Hajiya, rautar tana zaune a kan sabon ɗan kyalle. Ƙanwata ce ta yi kwalima, ta cire igiyoyin domin ta share, da ta zo mayarwa ta ga kafa ɗaya shuɗiya an ware ta gefe, hankalinta ya ba ta abin da nawa ya ba ni ranar farko. Na mayar da kebul ɗin cikin mai ruwan ɗorawa, na yanko baƙin salatif na liƙe bakin shuɗiyar. Sannan na samo farar takarda na rubuta 192.168.0.2, a ƙasa na ƙara da cewa kada a danna ramin baya da tsinke, na manne ta a saman rautar inda duk mai shara zai gani.